Allon Ya Ce Ƙasa Jiƙe Take

Da hantsin ranar Laraba, Concetta Zappia, shugabar ƙungiyar manoman lemu ta Waikerie, ta ɗaga labulen rumfar renon dashe ta leƙa, ta kwarara ihun da sai da karnukan ƙetaren kogi suka amsa. Dashen lemun da ƙungiya ta yi shekaru tana reno, wanda kowane gida ya sa rai da shi don maye gurbin tsofaffin itatuwansa, duk ya bushe a tukwanensa. Kwana da kwanaki ana zabga ranar da ke narka kwalta, kuma ko ɗigon ruwa bai sauka a rumfar ba.

Sajan Fotini Laskaris ta iso tare da Kofur Merv Pfeiffer, wani dattijo mai tumbi da ya kusa ajiye kaki. Fotini 'yar garin ce, a gonar lemu ta tashi, ba ta buƙatar kowa ya gaya mata girman asarar. Ta murza ganye ɗaya a tafin hannunta, ya zama gari.

Ban-ruwan ƙungiyar ba da hannu ake yin sa ba. Akwai 'yan sanduna a tsakanin tukwane masu auna danshin ƙasa, da ma'aunin zafi a bakin rumfa, duk suna aika abin da suka auna zuwa wata tsohuwar na'ura a ɗakin inji. In ƙasa ta bushe, na'urar ta tayar da injin, in ta jiƙe ta kashe shi. Haka take yi tun Fotini tana firamare.

Ba a ɓalle ƙofar ɗakin ba, amma wannan bai nuna komai ba, don makullin yana ƙarƙashin bulo a bakin ƙofa, kuma babu wanda bai sani ba a garin. Merv, wanda ɗabi'arsa ce ya ɗauki hoton duk abin da ya tarar kafin kowa ya sa hannu, ya ɗauki hoton allon na'urar. Sannan Fotini ta danna maɓalli ɗaya. Nan take lambobin allon suka sauya, injin ya yi gurnani ya tashi, ruwa ya soma zuba a kan matattun dashe.

"To ga shi nan!" in ji Concetta. "Lafiyarta ƙalau. Wani mara mutunci ne ya tsayar da ita, kuma ni da ke duk mun san shi."

Jaswant Dhillon take nufi, mai kula da ɗakin injin, wanda ya tsufa a kan aikin, yana kuma zaune a gidan ƙungiya da iyalinsa. A taron watan jiya an kawo shawarar a sallame shi a ba wani kamfanin birnin Adelaide aikin, aka kuma hana shi hutun bikin 'yar ƙanensa. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ran nan ya miƙe ya ce ranar Juma'a zai tafi ko an yarda ko ba a yarda ba, sai su ga yadda ruwa ke zuwa in ba ya nan. Ya kuwa tafi Juma'ar da tsakar rana. 'Yan ƙungiya suka riƙa zuwa bi da bi suna leƙa allon ta taga. Kullum suna ganin kalma ɗaya da manyan haruffa kore, cewa ƙasa jiƙe take, sai su ja motarsu su ƙara gaba. Babu wanda ya taka zuwa rumfar, don tana da ɗan nisa kuma rana na dukan ƙeya.

Abin da ya faru washegari shi ne abin da Fotini ba ta so a tuna mata, kuma ba ta buƙatar mai tunatarwa.

Jaswant ya dawo da safiyar Alhamis, ya tsaya a gidan burodi na babban titi, matarsa da 'ya'yansa mata suna cikin mota da lallen biki a hannuwansu. Layin burodin cike yake da manoma. Aka fara gunaguni, gunaguni ya koma zagi. Fotini tana tsallaken titi. Da ta matsa ta ce masa a hankali ya leƙo ofis in ya sauke iyali, wallahi da ya zo da ƙafarsa, don mutumin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar mahaifinta. Amma idon gari yana kanta, kuma ta daɗe tana jin ana cewa tana da sanyin hannu a kan waɗanda ta sani. Sai ta buɗe ƙofar bayan motar 'yan sanda ta ce ya shiga.

Ya sunkuya zai shiga, ita kuma ta yi abin da aka koya mata a makarantar horo, ta dafa kansa don kada ya bugi ƙarfe. Rawaninsa, wanda a addininsa ba a cire shi a gaban jama'a, ya zame. Furfurar da babu wanda ya taɓa gani a garin ta zubo a kafaɗarsa. Matarsa ta kau da fuska. A cikin layin har da yayan Fotini, Manoli, sanye da wandon 'yan sa-kai na kashe gobara, fuska duk toka, dawowarsa ke nan daga wutar dajin da ta ci kudancin gundumar tun ranar Asabar. Shi kaɗai ne bai yi zagi ba. Ƙasa ya riƙa kallo.

A ofis sai da ta jira shi ya shiga bayi ya sake naɗa rawaninsa. Ya fito ya zauna, ya ɗora hannuwa a kan tebur.

"Ka ce a taro za su ga yadda ruwa ke zuwa in ba ka nan," in ji ta.

"Na faɗa, Sajan."

Tun tana yarinya 'yar Kosta yake kiran ta, da sunan mahaifinta. Ta ji kalmar nan Sajan kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Me kake nufi?"

"Ina nufin su san akwai aiki a wurin. Fushi ne na tsoho."

"Kafin ka tafi ka taɓa na'urar?"

"Na share mata ƙura, na duba matatar ruwa, na rufe ƙofa."

"Ka tsayar da ita?"

"Da me? Ba ta da maɓallin tsayarwa. Ko dai tana aiki, ko an zare mata wuta allon ya yi baƙi. Baƙi kika tarar da shi?"

Ba baƙi ta tarar da shi ba. Sai ga Merv ya leƙo da waya a hannu.

"Sajan, Concetta ce. Ta ce tun jiya da kika danna abin nan ruwa bai tsaya ba. Rumfa ta zama tafki, agwagi sun fara zuwa ganin gida. Allon kuma ya kafe a kan ƙasa bushe take."

Na'urar da aka rantse lafiyarta ƙalau, ashe ba lafiya ba. Fotini ta ce wa Jaswant zai iya tafiya, ta ce za ta mayar da shi gida a mota.

"Na gode," in ji shi. "Na shiga motarki sau ɗaya yau. Zan taka."

Sauran waɗanda ake iya zargi ba su da yawa. Akwai Trent Haslam, manajan katafariyar gonar itatuwan almon, masu 'ya'ya kamar gyaɗa, da ke sama da su a bakin kogi, wanda ya daɗe yana kwaɗayin kason ruwan ƙungiyar. Fotini da Merv suka same shi kwance a barandarsa, ya ɗage riga ya nuna musu ɗinki a ciki.

"Tun Alhamis ɗin da ta wuce nake asibitin garin Berri, jiya aka sallame ni. Ku tambayi ma'aikaciyar jinyar da ta hana ni giya, ba za ta manta ni ba. Kuma in ina son ruwanku, Sajan, lauya zan aiko, ba zan yi rarrafe in ɗaga bulo ba."

Asibitin ya tabbatar. Saura Beryl Kowald, wadda ta rubuta manhajar na'urar tun tana da ƙuruciya, kafin ta tafi birni ta yi suna a harkar, ta dawo da tsufa ta tare a wani gidan jirgin ruwa a bakin kogi. Ita ma tana da nata haushin, don a taron nan wani ya ce manhajarta gidan tarihi ya kamata a kai. Suka tarar da ita tana kamun kifi da ƙafa ɗaya a ɗaure cikin filastar karaya.

"'Yar Laskaris, ni ma motar za ki sa ni? Ki yi hankali da gashina, na kanti ne."

Fotini ta haɗiye maganar. Labari ya riga ta isowa.

"Ina kike tun ranar Juma'a?"

"A nan, da ƙafar nan. Wata guda ke nan ban hau tudu ba. In kuna so in ga na'urar, sai wannan mai tumbin ya goya ni."

Kusan haka aka yi. A ɗakin inji Beryl ta sa aka kwance murfin akwatin, ta haska ciki da tocila, ta duba kusurwa-kusurwa.

"Wannan ba farantina ba ne."

"Wane faranti?"

"Farantin da ƙwaƙwalwar na'urar ke zaune a kai. Nawa tsoho ne, an daina yin irinsa tun kafin ki shiga aikin ɗan sanda, kuma na ɗiga masa jan farce a kusurwa. Wannan sabo ne fil, irin wanda ake sayarwa ana rantsuwa wai daidai yake da na da. An sace nawa an maƙala wannan."

"In daidai yake da na da, me ya hana shi aiki?"

Beryl ta zauna a kan bokiti, ta miƙe ƙafarta mai filasta.

"Ki saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ƙwaƙwalwar na'ura tana da sauri, ma'adanar da take ɗauko bayani a ciki kuwa tana da nawa. Saboda haka masu ƙera ta suka ɗinka mata ɗan aljihu a jikinta, keshi muke ce masa. Duk abin da ta ɗauko daga ma'adana sai ta sa kwafinsa a aljihu, in ta sake buƙata ta lalubo nan kusa. To sandunan awon nan ba sa bi ta wurinta, kai tsaye suke zuba lambarsu a ma'adana. Tsohuwar ƙwaƙwalwar tana kasa kunne. Da zarar an taɓa ma'adana sai ta yar da kwafin aljihu ta ɗauko sabo. Wannan sabuwar ba ta kasa kunne. An ƙera ta ne a kan cewa manhaja ce za ta gaya mata lokacin da za ta zazzage aljihunta. Tawa manhajar kuwa ba ta taɓa buƙatar faɗa ba, don haka ban rubuta ba."

"Wato lambar farko da ta gani ita take ta maimaitawa," in ji Merv.

"Ashe tumbin bai danne kan ba. Haka ne. Duk umarnin manhajata tana ganewa, agogo ma yana tafiya daidai don ita ke ƙirga shi da kanta, shi ya sa kowa ya ɗauka lafiya take."

"Amma da na danna maɓalli ta farka," in ji Fotini.

"Kin ba ta sabon aiki ne. Ta kwaso wasu abubuwa don ta zana miki shafi, aljihu ya cika, tsohuwar lamba ta faɗi, ta ɗauko sabuwa. Kina juya baya ta sake maƙale wa wadda ta samu. Sai an zungure ta take gani."

Wani abu ya motsa a zuciyar Fotini da jin wannan kalmar, amma ta danne shi.

"Abin haushin," Beryl ta ci gaba, "layi biyu zan ƙara a manhajar, sabon farantin ya yi aiki har jikokinku. Da mai shi ya zo ya tambaye ni, ko sisi ba zan karɓa ba. Amma mazan garin nan, gara ɗayansu ya nutse a kogi da ya ce wa mace tsohuwa bai gane abu ba. Kun ɗauki hoton allon kafin wannan sarkin gaggawar ta danna?"

Merv ya miƙa wayarsa. A ƙasan babbar kalmar nan kore akwai ƙananan lambobi da babu wanda ya taɓa damuwa da su. Danshin ƙasa ya kai maƙura. Zafin iska kuwa digiri goma sha uku.

"Goma sha uku," in ji Beryl. "A makon da kaji ke faɗuwa matattu don zafi. Wannan lambar ita ce abin da na'urar ta gani a daidai lokacin da ɓarawon ya maƙala farantin ya kunna. Yaushe aka yi sanyin nan da ƙasa sharkaf?"

Sau ɗaya aka yi shi. Hadarin da ya zo da tsawa ya kwana yana zuba, ya ɗauke da asubahin Asabar, har ya jiƙa tukwanen ta cikin ragar rumfa. Jaswant kuwa ya bar gari tun Juma'a da rana tsaka, ana zufa. Lokacin da aka sauya farantin yana Adelaide yana cin abincin biki. Hoton da zai wanke shi yana cikin aljihun Merv tun kafin Fotini ta buɗe masa ƙofar mota. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Asabar da safe ai ranar gayya ce," in ji Merv. Duk shekara kafin tsananin zafi 'yan ƙungiya kan taru su share magudanai su yanke ciyawa a kewayen ɗakin inji. "Rabin gari yana nan. Har ni na zo."

"Ka zo aiki ko ka zo cin nama?" in ji Beryl.

"Wane nama? Gawayi muka ci. Ban taɓa ganin..." Sai ya dubi Fotini, ya shiga sosa ƙeya.

Ba sai ya ƙarasa ba. A gayyar Waikerie kowa da aikinsa, kuma ba a sauyawa. Masu shebur su ne masu shebur tun zamanin iyayensu. Gashin nama kuwa na Manoli ne. Ya gaje shi daga mahaifinsu, kuma a kan haƙarƙarin rago ba ya wasa, ko gaisawa za ka yi da shi sai dai ka miƙa hannu ta saman hayaƙi, don ba ya matsawa daga bakin wuta har a sauke na ƙarshe. Kowa yana can cikin magudana da laka har gwiwa. Mutum ɗaya ne aikinsa ke kusa da ƙofar ɗakin inji, kuma ran nan namansa ya ƙone.

Sai abin da ta danne ɗazu ya taso gaba ɗaya. Makonnin baya, a teburin abincin Lahadi a gidan mahaifiyarsu, Manoli ya yi ta tashi yana fita yana dawowa, har Mama ta ce ko kujerar tana cizo ne. Ya ce tsawa ta ƙone masa na'urar ban-ruwan gona, irin ta ƙungiya ce sak, tare aka saye su. Ya sayo sabon faranti, amma abin banza ne, sai an zungure shi yake aiki, kamar mijin 'yar'uwarsu. Kowa ya yi dariya. Fotini ta fi kowa dariya.

Ta fita waje ta kira shugabanta a Berri, ta ce a turo wani jami'in, don wanda ake zargi ɗan'uwanta ne. Aka ce yana tafe. Ta ce za ta jira shi a gonar.

Tun daga kan hanya ta ga amsar. Gonakin maƙwabta sun yi yaushi, ganye ya sunkuya. Itatuwan Laskaris kuwa kore shar, ruwa na ɗiga a gindinsu cikin natsuwa, alhali mai gonar ya yi kusan mako a bakin wutar daji, babu mai zungurar komai. Merv ya ce shi zai zauna a mota, ƙafarsa na ciwo. Ƙarya yake, kuma ta gode masa a ranta.

Ta sami Manoli a rumfar kayan aiki, bai ko cire wandon gobarar ba.

"Yaya, buɗe mini akwatin na'urarka."

"Kin ci abinci kuwa? Mama ta aiko da..."

"Buɗe, Yaya."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ɗauko sukundireba. Ya fara kwance murfin, ta karɓa ta ƙarasa. A kusurwar farantin ga ɗigon jan farce nan, ya dushe amma yana nan.

Ya zauna a kan buhun taki.

"Aro na yi," in ji shi. "Wallahi aro na yi, Fotini. Na ce zafi na wucewa in mayar. Itatuwan Baba ne. Shi ya dasa su da hannunsa shekarar da ya sauka daga jirgi a ƙasar nan. Ba zan iya tsayawa a kansu dare da rana ina danna maɓalli ba. Na ƙungiya kuwa kan hanyata yake, na ce kullum safe da yamma zan tsaya in danna, babu wanda zai sani."

"Ka san ba ya aiki. Ka fi kowa sani."

"Na sani. Ko wanke hannu ban yi ba aka buga ƙararrawar gobara. Na ce kwana ɗaya ne, ƙasa a jiƙe take, ba abin da zai faru. Sai wutar ta ƙi mutuwa."

"Akwai waya a aljihunka. Ai ka kira Mama daga can, ina wurinta. Kira ɗaya, Yaya. Ka ce wa Concetta ta shiga ta danna kowane maɓalli."

"In ce mata me? In ce yaya aka yi na sani?" Ya rufe fuska da hannuwa. "Kullum sai in ɗauko wayar in mayar. Ina ce wa kaina ai wani zai leƙa rumfar."

"Beryl ta ce layi biyu za ta ƙara maka, kyauta, naka farantin ya yi aiki."

Ya ɗago kai. Ta ga maganar ta shige shi fiye da duk abin da ta faɗa.

"Layi biyu?"

"Da ka tambaya."



"Duk wannan zan iya ɗauka," in ji ta. "Amma kana tsaye a layin burodi. Kana kallo na sa shi a mota. Kana kallo rawaninsa ya faɗi. Mutumin da ya ɗauki Baba a kafaɗarsa. Ka buɗe baki ka ce, Fotini tsaya, shi ke nan."

"Na buɗe," in ji Manoli. "Babu abin da ya fito."

Ta so ta tsane shi, ta kasa, don ta san irin wannan tsoron. Idon mutanen layin nan ne ya rufe masa baki, kuma idon nan ne ya sa ta buɗe ƙofar mota. Da jami'in Berri ya iso, Manoli ya miƙe da kansa ya shiga gaban mota, babu wanda ya dafa masa kai. Fotini ta lura da hakan, kunya ta sake rufe ta.

Washegari da safe ta nufi rumfar reno. An janye ruwan, ƙasa ta yi caɓi. Jaswant yana durƙushe a tsakanin tukwane, ko da yake babu wanda ya ce ya dawo aiki. Yana bin dashen ɗaya bayan ɗaya yana kankare ɓawon da farcen babban yatsa. Wanda ya ga kore a ciki sai ya ware shi gefe. Waɗanda ya ware ba su da yawa.

"An kama wanda ya yi," in ji ta. "Yayana ne. Beryl za ta mayar da farantin yau."

"Na ji."

"Na zo in ba ka haƙuri. Abin da na yi maka ba aiki ba ne, tsoron bakin mutane ne. Ka yafe mini."

Bai ɗago ba. Ya kankare wani dashen, ya duba, ya ajiye shi cikin matattu.

"A nan kika kama ni, Sajan?"

"A'a."

"A nan matata ta kau da fuska? A nan 'ya'yana suka ga gashin ubansu a titi?" Ya share farcensa a wando. "Nan babu kowa sai ni da ke da matattun itatuwa. Ban ƙi haƙurinki ba, amma ba a nan aka ɓata ni ba."

Safiyar Asabar ita ce lokacin da gidan burodi ya fi cika. Layi ya fito har bakin titi, kuma da aka ga motar 'yan sanda ta tsaya a daidai inda ta tsaya ran Alhamis, hira ta mutu. Concetta tana nan, da masu zagin nan duka, kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Jaswant yana tsaye a gefe da matarsa, rawaninsa shuɗi a naɗe tsaf. Can kusa da ƙofa kuma ga Mama cikin baƙaƙen kayan da ba ta cire ba tun rasuwar Baba, riƙe da jakar burodi, idanunta sun kumbura. Tun ranar Alhamis ba ta ɗaga wayar Fotini ba.

Fotini ta fito ta tsaya a tsakiyar titi. Ta cire hular aikinta ta riƙe a hannu, rana ta doki kanta.

"Ina da magana," in ji ta, "kuma ina so kowa ya ji, kamar yadda kowa ya gani."

Ta faɗe shi duka, ba ta rage komai ba, har sunan yayanta, har hoton da ke aljihun Merv tun kafin ta buɗe ƙofar mota. Da ta gama, Mama ce ta fara fitowa daga layi. Ta wuce 'yarta ba ta dube ta ba, ta je gaban matar Jaswant, ta kama hannunta mai lalle da hannu biyu ta riƙe.

Jaswant ya dubi Fotini, wadda har yanzu take tsaye da hula a hannu.

"Mayar da hularki, 'yar Kosta," in ji shi. "Rana na da zafi, kuma na san yadda kai yake ji in ba a rufe ba."